Me tarihi ke nema a ajin likita da injiniya?

1/ Kullum sai ka ji ɗan jami'a na cewa GST ɓata lokaci ne, wai injiniya zai zama, ina ruwansa da tarihi. To, mu ɗan tattauna. 🧵

2/ A 1963 wani farfesan Oxford, Trevor-Roper, ya ce Afirka ba ta da tarihin koyarwa, sai na Turawan da suka shigo ta.

3/ Alhali tun 1956 Kenneth Dike ya fitar da littafinsa kan kasuwanci da siyasar yankin Neja Delta. A 1970 Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a Kaduna.

4/ Bala Usman a ABU ya nace a tuhumi kowace majiya: wa ya rubuta, yaushe, don amfanin wa? Mai wannan ɗabi'a ba ya saurin yaɗa labarin WhatsApp.

5/ Likitan da ya san gwajin maganin Trovan kan yara a Kano a 1996 zai gane ɗaya daga dalilan ƙin rigakafin shan inna a 2003, ba zai tsaya zagin iyaye ba.

6/ Digiri zai ba ka aiki, amma da mutane za ka yi shi, kuma kowa da abin da ya gada. Ku daina gudun ajin nan, jama'a.