Rufin Ɗaki da Ruwan Ƙanƙara a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Daga Jinka Zuwa Kwano

Kudancin Jihar Katsina, wato ƙasar Maska da ta Galadima, inda garuruwan Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja da Kafur suke, ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, kuma wannan ni'ima da ta mayar da shi rumbun masara da dawa da auduga ita ce ta sa rufin ɗaki ya kasance abin kula na kowace shekara ga magidantan yankin. Daga cikin abubuwan da damina kan zo da su jefi-jefi akwai ƙanƙara, wadda take samuwa idan iska mai ƙarfi a cikin hadari ta cira ɗigon ruwa zuwa sama inda sanyi ya tsananta, ya daskare, ya riƙa tara wani ruwan a jikinsa har nauyi ya rinjayi iskar ya faɗo. A daminar 2022 irin wannan ruwa ya lalata gonaki da gidaje a yankin Gozaki da Dutsen Kura cikin Ƙaramar Hukumar Kafur. Yadda mutane suke fahimtar ɓarnar ƙanƙara a yau yana da tushe a cikin tarihin rufin kansa.

Kafin zuwan Turawa rufi iri biyu aka sani. Na farko shi ne jinka, wadda ake ɗaura tsaikonta da kara ko sanduna, sa'an nan a baibaye ta da shuci, wato busasshiyar ciyawar da aka saƙa, ana farawa daga ƙasa ana hawa sama ta yadda kowane layi zai rufe kan na ƙarƙashinsa, ruwa ya zurare bai tsaya ba. Na biyu shi ne soro, wanda ake jera azara, wato tsagaggen itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko ƙirare, a zuba ƙasa a daddaɓe, a bi da makuba da aka samo daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, a kafa indararo don fitar da ruwa. Soro na sarauta ne da attajirai da malamai, jinka kuwa ta kowa ce, musamman a ƙauyuka da unguwannin Maguzawa.

Dukan rufin biyu ba su tsoron ƙanƙara ƙwarai, domin ciyawa tana shanye bugu, ƙasa mai kauri kuma ba ta hujewa, iyaka dai ƙanƙara ta tsattsaga shuci ko ta ɓanɓare makuba, ruwa ya sami hanya daga baya. Magabata sun san haka, shi ya sa gyaran rufi ya zama aikin bazara kamar yadda sharar gona take: ana sauya baibaya, ana sake yaɓe, ana fitar da ganyen da ya toshe indararo, kuma bayan kowane babban hadari maigida ko magini yakan hau ya duba inda ya tsage. Ba wanda yake jiran ya ga yoyo, domin soron da ruwa ya kwanta a kansa cikin marka yana iya ruftawa da masu barci.

Kwano baƙo ne da ya biyo auduga. An ƙirƙiro shi a Ingila, inda Henry Palmer ya yi rajistar dabarar lanƙwasa fallen ƙarfe a 1829, bayan 'yan shekaru kuma aka fara tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya, wato wani farin ƙarfe da yake hana tsatsa. Da kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo kuma ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Kaura Namoda a 1929, sai aka fara ganin kwano a kan tasha da sito-sito da kantunan Turawa. Daga nan 'yan baranda da fatake da ma'aikatan En'e suka ɗauka, har rufin kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu. Yaɗuwarsa zuwa ƙauyuka ta zo ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai suka shigo, Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya kuma ya yawaita taki da noman masara, manomi ya sami abin sayen bandir biyu ko uku bayan kaka.

Tare da kwano wani zato ya shigo, cewa rufi ne na sau ɗaya wanda ba ya bukatar a sake waiwayarsa, kuma daga wannan zato sauran kurakurai suka fito. Na farko shi ne auna ɓarna da ƙara. Ƙanƙara ƙanana kamar ƙwayar wake tana iya cika ɗaki da rugugin da zai hana a ji maganar juna, amma ba ta yi wa kwano mai kauri komai ba, domin ɓarna tana bin girman ƙanƙarar da ƙarfin iskar da ta jefo ta, da kuma shekarun rufin. Na biyu shi ne ɗaukar cewa muddin ɗaki bai yi yoyo a daren ba, to rufi ya tsira. Bugu mai ƙarfi yakan lotsa kwano, ya fasa fenti ko ya raunana tutiyar da ta riga ta sallace, ruwa da ƙurar hunturu su riƙa kwanciya a cikin lotsin, tsatsa ta kama, ramin kuma ba ya bayyana sai bayan damina ɗaya ko biyu, lokacin da an manta da hadarin.

Kuskure na uku shi ne ɗora wa ƙanƙara laifin iska. Rufin da aka tarar a gonar maƙwabci ba ƙanƙara ce ta kai shi ba, guguwar da take gaban hadari ce ta shiga ƙarƙashin baki ta ɗaga shi, kuma takan yi nasara ne inda kafinta ya rage ƙusa, ko ya tazarta katako don a yi tsimi, ko ba a ɗaure katakon da jikin bango ba, ko gara ta riga ta cinye shi. Wanda ya duba irin wannan rufi da kyau zai ga ramukan ƙusa sun yage sun yi tsawo, hular ƙusar ta bi ta ciki ta fita, abin da yake nuna an ja fallen sama ne, ba daga sama aka buge shi ba. Tarin duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da ake gani a kan ɗakuna amsa ce ga wannan matsala, sai dai nauyin yana lotsa kwanon, ganye da laima kuma suna taruwa a ƙarƙashinsa.

Na huɗu shi ne cewa sabo ko mai tsada ba ya lalacewa. Tun faɗuwar darajar naira daga 1986 tsadar kayan gini ta tura mai ƙaramin ƙarfi ga kwano marar kauri, wanda yatsa ma yake lotsawa, kuma sabonsa bai kai tsohon kwanon sito juriya ba. Dogon kwanon alminiyam da ya cika sababbin unguwanni ba ya tsatsa, amma ya fi ƙarfe laushi, don haka ya fi saurin lotsawa, rufin asbesto na wasu tsofaffin makarantu da gidajen gwamnati kuwa tsagewa yake yi idan ya tsufa, ƙurarsa kuma tana cutar da huhu. A ɗaya gefen, ba kowane lotsi ne yake wajabta sauya rufi gaba ɗaya ba. Idan bai taɓa mahaɗar fallaye ko gindin ƙusa ba, kuma fenti bai fashe ba, muni ne kawai.

Da yake mafi yawan gidajen yankin ba su da inshora, asarar rufi a kan maigida take faɗawa, sai ɗan abin da dangi ko hukumar agajin gaggawa suka taimaka da shi, kuma takan zo ne daidai lokacin da kuɗi suka tafi ga taki. Tarihin ya nuna cewa abin da ya tsare jinka da soro ba ƙarfinsu ba ne, kulawar kowace shekara ce, ita ce kuma aka yar da zuwan kwano. Ya kamata magidanta su maido da ita: a sa kafinta ya duba ƙusa da katako kafin ruwan shuka, a sake dubawa bayan kowace ƙanƙara ko guguwa, a share tsatsa a shafa fenti tun tana ƙarama, domin kuɗin ƙusa da fenti bai kai na bandir ɗaya ba.