BAƘON DA YA SAUKA A KABO

Yau ba labarin soyayya na zo maka da shi ba, labarin dutse ne, amma ka daure ka bi ni sannu a hankali, domin kuwa dutsen namu ne na ƙasar Gwarzo, kuma sunansa ya je inda da yawanmu ba mu taɓa zuwa ba.

Ranar Lahadi 25 ga Afrilu 1971, ana tsakiyar bazara manoma na sharar gona, wani dutse ya keto sararin samaniya ya faɗo a Kabo. A lokacin Kabo tana ƙarƙashin gundumar Gwarzo ne, Audu Bako ke gwamnan Kano, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuma fam da sule ake kashewa, ko naira ba ta zo ba. Da aka tattara gutsattsarinsa aka ɗora a ma'auni sai aka samu kilo 13 da 'yan kai, wato kusan nauyin tiya biyar ta masara. Al'adar masana ce su raɗa wa irin wannan dutse sunan wurin da ya faɗo, don haka har gobe idan aka buɗe kundin duwatsun sama na duniya za a ga an rubuta Kabo, Najeriya, 1971.

Ni da nake ba ka labarin nan ba a haife ni ba a lokacin. Amma abin da ke damuna shi ne, na yi firamare na yi sakandare a yankin nan, an koya mana sunayen kogunan Turai mun haddace, ba a taɓa ce mana ga abin da ya faru a bayan gidanmu ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

To, don ka gane girman abin, bari mu koma baya da wata bakwai kacal. A watan Satumba 1970 Tarayyar Sobiyat ta harba wani kumbo mai suna Luna 16 zuwa duniyar wata, tafiyar kilomita kusan 384,000, babu mutum ko ɗaya a ciki. Ya sauka ranar 20 ga wata, ya miƙa wani hannu na ƙarfe mai haƙa ya huda ƙasa kamar tsawon santimita 35, ya ɗura abin da ya ɗebo a wata 'yar ƙwarya ta ƙarfe ya rufe. Ƙwaryar ta taso ta dawo, ta sauko da laima a ƙasar Kazakistan ranar 24 ga wata. Ko ka san nawa ta kawo? Giram 101. Bai ko cika gwangwanin madara ba. Amma a kan wannan ɗan garin ƙasa duniya ta ɗauka, domin shi ne karo na farko da na'ura ta je wata duniya ta ɗebo wani abu ta dawo da shi ita kaɗai. Kafin a kai ga haka an sha asara, ko a watan Yuli 1969 wani ɗan'uwansa Luna 15 ya faɗi ya tarwatse a kan wata, daidai lokacin da Amurkawa ke can sun taka shi da ƙafarsu.

Su Amurkawan mutane suka aika, sau shida tsakanin 1969 da 1972, suka kwaso kilo 382. Sobiyat kuwa ta ci gaba da aiken na'ura, Luna 20 a 1972, sai Luna 24 a 1976 da ya kawo giram 170. Daga nan aka yi shiru har shekara 44, sai a Disamba 2020 ƙasar Sin ta aika Chang'e 5 ya dawo da giram 1,731. A watan Yuni 2024 kuma Chang'e 6 ya kawo giram 1,935 daga bayan wata, wancan ɓangaren da bai taɓa juyo mana fuskarsa ba tun da aka halicce mu.

Yanzu ka haɗa lissafi da kanka. Abin da ya faɗo wa mutanen Kabo kyauta, ba ko sisin kwabo, ya ninka abin da Luna 16 ya kawo fiye da sau 130. Mai karatu zai ce, to in haka ne mene ne na wahala? Me zai sa a ƙona dukiya a je ɗebo ƙasa, alhali sama tana jefo duwatsu da kanta?

Amsar tana cikin abin da mu mata muka fi kowa sani. Idan baƙo ya zo neman aure, komai kyansa komai shigarsa, iyaye ba sa ba shi sai sun aika an binciko asalinsa, ɗan wane gida ne, daga wane gari. Dutsen da ya faɗo baƙo ne da bai zo da kowa nasa ba. Ba ya faɗin inda ya fito, ga shi wutar hanya ta ƙone fatarsa ta yi baƙi, iska da danshin duniyar nan sun fara shigarsa. Wanda kumbo ya ɗebo kuwa an san gidansu, an san ramin da aka haƙo shi, an san zurfinsa, kuma a rufe ya zo. Da shi ake gwada sauran. Shi ya sa a farkon shekarun 1980, da aka tsinci wani dutse a ƙanƙarar Antatika, masana suka iya cewa wannan daga wata ya ɓalle, don suna da na wata a hannu sun gwada.

Haka ta faru da maƙwabtanmu na Katsina. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, dab da wani manomi da ke cikin gonarsa, Allah ya yi da sauran kwanansa. Shekara da shekaru ba wanda ya san asalin dutsen. Sai da kumbon Amurka mai suna Viking ya sauka a duniyar Mars a 1976 ya auna iskar can, daga baya aka duba 'yar iskar da ta maƙale a cikin irin waɗannan duwatsu aka ga iri ɗaya ce. Ashe baƙon Zagami ɗan Mars ne. Har a 1996 aka ɗauki ɗan ƙwarya-ƙwaryar ɓarɓashinsa aka maƙala a jikin wani kumbo da aka aika ya zagaya Mars, kamar dai an raka shi ganin gida.

Namu na Kabo fa? Shi ba ɗan wata ba ne, ba kuma ɗan Mars ba. Yana cikin dangin da masana ke cewa ragowar kayan ginin duniyoyi ne, tarkacen da ke yawo tsakanin Mars da Jupita. Shekarunsa sun kai biliyan huɗu da rabi, ya girmi Dala da Goron Dutse nesa ba kusa ba, ya girmi dutsen da Chang'e 5 ya kawo, wanda aka auna aka samu shekara biliyan biyu. Wannan dangantaka ma aike ne ya tabbatar da ita, domin a 2010 kumbon Japan mai suna Hayabusa ya dawo da ƙura daga ɗaya daga cikin duwatsun nan masu yawo, aka ga jininsu ɗaya da irin waɗanda suka fi faɗo mana.

Akwai kuma wata daraja da na Kabo ke da ita. Duwatsun sama da aka yi wa rajista a duniya sun haura 70,000, amma mafi yawansu tsintarsu aka yi a hamada ko a ƙanƙara bayan sun daɗe a yashe. Waɗanda aka ga faɗowarsu da ido, aka san rana aka ɗauke su da wuri, ba su kai 1,500 ba. Talakawan ƙauye ne suka ba da wannan shaida, da ba su kula ba da ya zama dutsen murhu.

Kada ka ce zancen ya wuce. A watan Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutsen Mars mai nauyin kilo 24 da 'yan kai a yankin Agadas na Nijar. A watan Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan 5 da ɗoriya, sai bayan an buga ƙararrawa hukumomin Nijar suka tashi binciken yadda aka yi ya fita. Kayanmu na tafiya, iliminsa ma can yake zama, mu kuwa sai labari.

Saboda haka 'yan'uwana mata, ku da ke tare da yara dare da rana, idan kun zauna a tsakar gida farin wata ya fito, bayan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ku ƙara musu da wannan. Ku ce musu akwai na'urorin da suka je can suka ɗebo ƙasa suka dawo, kuma akwai dutsen da ya zo da kansa ya sauka a Kabo. Idan kuma wata rana an ji ƙara babu hadari, aka ga baƙin dutse mai nauyi a gona, kada a ce gatarin aradu ne a daka shi a turmi don magani, kada a wanke shi, kada a sayar wa ɗan kasuwar da ya fara tayawa. A rubuta rana da lokaci da wurin, a sanar da mai unguwa, a kai shi jami'a wurin masu ilimin duwatsu.

Malaman makaranta su ma ina roƙonsu, darasi ɗaya a shekara bai yi yawa ba. Yarinyar da ta ji cewa sunan garinsu yana cikin littattafan masana na duniya ba za ta ɗauki kimiyya abin wasu mutane can ba. Wa ya sani ko a cikin 'yan matan Gwarzo da Kabo akwai wadda za ta auna dutse na gaba da hannunta. Allah ya sa mu ga ranar, amin.