Kan sarki na tunawa a Najeriya

Kan sarki na tunawa wani nau'in kan sarki ne da hukumar gidan waya ke fitarwa domin tunawa da wani muhimmin abu na tarihi, kamar samun 'yancin kai, naɗin sarauta, buɗe wani babban aiki ko rasuwar wani shugaba. Ya bambanta da kan sarki na yau da kullum, wanda ake bugawa da yawa a yi shekaru ana sayar da shi. Na tunawa ana buga adadi ƙayyadadde ne, a sayar na ɗan lokaci, kuma galibi yana ɗauke da sunan abin da ake tunawa da shekararsa. Da yake gwamnati ce ke zaɓar abin da za a zana, jerin kawunan sarkin Najeriya yana nuna abin da masu mulki na kowane zamani suka ɗauka a matsayin abin tunawa.

Asalin suna

Kan sarki na farko a duniya shi ne Penny Black, wanda Birtaniya ta fitar a watan Mayun 1840 bisa shawarar Rowland Hill, ɗauke da hoton kan Sarauniya Victoria. Haka Turawan mulkin mallaka suka ci gaba da sa kan mai sarautar Ingila a 'yar takardar da ake manna wa wasiƙa, shi ya sa Hausawa suka kira ta kan sarki. Sunan ya zauna har yau, ko da masallaci ne ko gada aka zana a jiki.

Farkon na tunawa a duniya

Ana yawan ambaton kan sarkin ƙasar Peru na 1871, mai hoton kan jirgin ƙasa, a matsayin ɗaya daga cikin na farko. A 1888 yankin New South Wales na Ostireliya ya fitar da jeri na cika shekara 100, sannan a 1893 Amurka ta fitar da guda 16 domin tunawa da tafiyar Christopher Columbus. Ita Birtaniya sai a 1924 ta fitar da nata na farko, lokacin baje kolin daularta a Wembley.

Zamanin mulkin mallaka

Legas ce ta fara samun kan sarki nata a 1874. Najeriya ta Arewa ta samu nata a 1900, Najeriya ta Kudu kuma a 1901. Bayan haɗe ɓangarorin biyu a 1914 aka fitar da kan sarki mai suna Nigeria kaɗai, da hoton Sarki George na Biyar.

Kawunan sarki na tunawa na farko da aka sayar a ƙasar duk bukukuwan Ingila ne. A Landan ake tsara zane guda, a buga shi ga ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya, sai dai a sauya sunan ƙasa da kuɗi. Na 1935, na cikar George na Biyar shekara 25 a kan gado, yana nuna fadar Windsor. Aka bi da na naɗin George na Shida a 1937, na nasarar Yaƙin Duniya na Biyu a 1946 mai hoton ginin majalisar Birtaniya, da na naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953. Da sarauniyar ta ziyarci Najeriya a 1956, ba a yi sabon zane ba, rubutu kawai aka ƙara a kan wani kan sarki da ake amfani da shi.

A jerin yau da kullum na 1953, wanda Bafaranshe Maurice Fiévet ya zana, an ga mahaya dawakin Barno, gyaɗa, haƙar kuza da gadar Jebba.

Mulkin kai na Jihar Arewa, 1959

Jihohin Yamma da Gabas sun samu mulkin kai a 1957. Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta karɓi nata ranar 15 ga Maris 1959. Ranar tana da ma'ana ta musamman ga mutanen ƙasar Sakkwato, domin a ranar 15 ga Maris 1903 ne sojojin Birtaniya suka ci birnin Sakkwato bayan gwabzawa da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Giginya. Shekara 56 cif bayan haka, wani daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karɓi shugabancin majalisar zartarwa daga hannun Gwamna Sir Gawain Bell.

An fitar da kan sarki guda biyu domin wannan rana. Na taro, wato kwabo uku, yana nuna Lugard Hall da ke Kaduna, zauren da Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa ke zama. Na sule ɗaya yana nuna Babban Masallacin Kano, wanda aka sake ginawa a farkon shekarun 1950 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Gine-ginen biyu sun haɗa tushe biyu na mulkin Arewa a lokacin: tsarin majalisa da Turawa suka kawo, da gadon Musulunci da sarauta wanda ya riga su. Zauren kuwa yana ɗauke da sunan Frederick Lugard, mutumin da ya jagoranci cin ƙasar a 1903. A yau Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce ke zama a cikinsa.

'Yancin kai da jamhuriya

Ranar 1 ga Oktoba 1960 aka fitar da guda huɗu. Na kwabo yana nuna ginin majalisar tarayya, na taro mutum a cikin kwalekwale, na sisi Kotun Ƙoli ta Tarayya, na sule da taro kuma kurciya da fitilar wuta da taswirar Afirka. A 1961 aka yi na shigar Najeriya Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya. Da ƙasar ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoba 1963, hoton Shugaba Nnamdi Azikiwe ne ya fito a jerin bikin.

Yaƙin basasa da bayansa

A lokacin yaƙin 1967 zuwa 1970, ɓangaren Biyafara ya fitar da nasa kan sarki, wasu ma na Najeriya ne aka buga sabon suna a kai. Da yaƙi ya ƙare, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da jeri a 1970 wanda zanensa ke nuna haɗin kan jihohi 12 na lokacin.

Daga nan abin tunawa ya karkata ga ayyukan raya ƙasa da sauye-sauyen rayuwa. Akwai na buɗe madatsar ruwa ta Kainji a 1969, na komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, na Wasannin Afirka karo na biyu da aka yi a Legas a 1973, na cikar kan sarki shekara 100 a ƙasar a 1974, na shirin ba da ilimin firamare ga kowa a 1976, da na bikin FESTAC a 1977. A 1977 ɗin kuma aka fitar da jeri na cika shekara ɗaya da kisan Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976. Sauyin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973 ya zo da sabon jeri na yau da kullum, wanda a ciki aka zana bikin kamun kifi na Argungu da gandun dajin Yankari.

Zane da bugu

Dole zanen ya ɗauki abu uku a ɗan ƙaramin fili: sunan ƙasa, kuɗin kan sarkin, da abin da ake tunawa. Saboda ƙanƙantar wurin, masu zane kan zaɓi gini guda, fuska guda ko alama guda. Kafin 'yancin kai, kamfanonin Ingila irin su De La Rue da Waterlow ke bugawa. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanin buga kuɗi da muhimman takardu na Najeriya, wanda aka kafa a 1963, ya karɓi yawancin aikin. Hukumar NIPOST, wadda aka ware daga tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho a 1985, ita ce ke da ikon fitar da kan sarki a yanzu.

Tarawa

Masu tara kan sarki suna neman wanda bai yage ba, bai kuma rasa haƙoran gefensa ba. Suna kuma daraja ambulan ranar farko, wato ambulan da aka manna wa sabon jeri aka buga masa hatimin gidan waya a ranar fitowarsa. Daga cikin mafi wuyar samu a tarihin ƙasar akwai na fam 25 na Najeriya ta Arewa na 1904, mai hoton Sarki Edward na Bakwai. Wayar salula da intanet sun rage aika wasiƙa ƙwarai, don haka yawancin na tunawa a yau suna ƙarewa ne a hannun masu tarawa, da ɗalibai da masu binciken tarihi.