Kibiyar Kakanninmu Ba Ta Zuwa Yaƙi Sau Biyu

Wannan makon za mu tsaya ne a kan kibiya, domin a labaran yaƙi da ake turowa zauren nan mun sha ganin jarumi ya zare kibiya daga jikin abokin gaba, ya goge, ya sake harba ta. Wanda ya taɓa riƙe kibiyar maharba a Ɗambatta ko Bichi dariya kawai zai yi.

Jikin kibiyar ƙasar Hausa kyauro ne, ciyawar fadama mai sauƙin nauyi, kuma ba a sa mata gashin tsuntsu. Maƙeri ya ƙera kan ƙarfe mai kunnuwa, a cusa wutsiyarsa cikin kyauron, a naɗe wurin da jijiya. To, daidai wannan mahaɗar ce lagonta. Idan kibiya ta daki ƙashi ko garkuwa, ƙarfen yakan koma baya ya tsage kyauron kamar yadda gatari ke tsaga itace. Tun kafin a je fagen fama ma yanayi ya fara cin ta: hunturu ya busar da kyauro har ya yi gautsi, laimar damina ta sassauta jijiyar, ƙwari su huda ta tana cikin kwari. Shi ya sa maharbi ke yawan zazzage kwarinsa yana dubawa.

Turawa sun bi wata hanyar. Suna da wani baka da ake ɗanawa a kan katako, mai tsananin ƙarfi, sai suka yi masa kibiya gajera mai kauri, domin siririya ba za ta jure bugun tsarkiyar ba. Burinsu ta huda sulke. Namu maharban ba su wahalar da kansu a nan ba, ƙarfin kibiyarsu yana cikin dafin da ake dafawa da 'ya'yan ƙwanƙwani. Ta ɗan shiga fata ya isa. In kyauron ya karye, kunnuwan ƙarfen suka riƙe tsoka, ai aiki ya yi.

Wannan ne ya sa lifidi ya yi daraja. Tarihin sarakunan Kano ya ce Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Audugar da aka cusa wa lifidi tana shanye gudun kibiya mara nauyi kafin ta taɓa fata. Amma lifidi yana da nauyi, kuma ba ko'ina yake rufewa a jikin doki ba. A yaƙin Ɗan Yahaya, arewa da birnin Kano, wajen 1807, dawakin Sarki Alwali sun sha kashi a hannun masu jihadi, waɗanda babban makaminsu kwari da baka ne. Alwali ya bar Kano, daga baya aka kashe shi a Burumburum.

Saboda haka mai rubuta irin wannan fage, maimakon ya ba jaruminsa kibiya ɗaya mai rai tara, ya nuna mana shi yana laluben kwari yana ƙirga abin da ya rage, ga ƙurar dawaki na ƙaratowa. Bayan an watse kuma, a ga masu tsintar kawunan ƙarfe a cikin karyayyen kyauro, su kai wa maƙeri ya miƙe su, domin kyauro kyauta ne a fadama, ƙarfe kuwa sai da kuɗi.