Tarihin Rumbun Tsimi

Wanda ya fito daga birnin Kaduna ya haye kogi, ya bi hanyar Kaciya ya wuce Sabon Tasha, zai iske Maraban Rido, da ita kanta Rido, cikin ƙasar Cikun. A da wannan wuri gonakin Gbagyi ne, watau waɗanda Hausawa su ke kira Gwari, mutane ne masu ƙwazon noma da iya ginin rumbu. Cikin 1917 aka mai da Kaduna hedkwatar Arewa, cikin 1980 kuma aka buɗe matatar mai a nan kusa. Tun daga sa'an nan gidaje su ke cin gonaki. Yau yawancin mazauna wurin daga mudun kasuwa su ke ci, ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, suka zo hannu rabbana. To, garin da ba rumbu, ina mabukaci zai dosa ran da tukunya ta ƙi hawa murhu? Kafin mu amsa, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda mutanen da suka yi.

A ƙasar Hausa kowane gandu yana da rumbunansa, maigida kuwa shi ne mai iko da su. In kaka ta yi, a kan ɗaura gero da dawa dami-dami, a zuba su ba tare da an sussuka ba, gama hatsin da ke jikin zangarniyarsa ya fi jure wa ƙwari, ya kan shekara biyu ko uku bai ɓaci ba. A cikin rumbunan nan akwai guda da ba a taɓawa, shi ne rumbun tsimi. Ba a buɗe shi sai tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga aikin noma ya tsananta. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, don kowane almajiri ya san labarin Annabi Yusufu, wanda ya tara hatsin shekara bakwai na ƙoshi a Masar, saboda shekara bakwai na fari.

Wanda ba shi da rumbu fa? Shari'a ta yanka masa rabo. In amfanin gona ya kai nisabi, manomi zai fid da ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, watau dami guda cikin kowane goma. Abin da aka yi wa ban ruwa da wahala kuwa, kamar da jigo, ɗaya cikin ashirin ne. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara cikin 1804, sarakuna su ke tara zakkar nan ta hannun dagatai da jakadu, a ajiye ta a rumbunan masu sarauta. Ba za mu ce kullum ta kan isa hannun masu ita ba, gama akwai adalai akwai kuma maciya amana. Amma hatsi ne, ba kuɗi ba, yana kuma kusa, talaka yana ganin rumbun da idonsa, ya san ƙofar da zai je ya yi kuka.

Kayan miya kuwa hanyarsu dabam ce, don a mazhabar Malikiyya ba a fid da zakkar kayan lambu. Saboda haka al'ada ce ta ɗauki nauyinsu. In mai gona ya gama girbi ko cirar gyaɗa, tsofaffi da yara su kan shiga su yi kala, ba mai korarsu. Tafasa da lalo da sauran ganyayen da su ke fitowa da kansu, na kowa ne. Mai lambu a fadama ba ya hana wa maƙwabci ɗan kuɓewa ko albasa. Ga kuma ciyayya, inda gidaje su ke aika wa juna akushin tuwo da dare, har mai shi da marar shi su ci, ba wanda ya san wane ne ya ciyad da wani. A ƙasar Maraɗi ma, manomin da ya noma dami dubu ba ya zama Sarkin Noma sai ya yi biki ya rarraba wa jama'a. Watau girma yana wurin bayarwa, ba wurin tarawa ba.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, sai al'amari ya sake. Sannu a hankali aka haɗa zakka da sauran kuɗin ƙasa, aka mai da su haraji guda, wanda a ke biya da tsabar kuɗi a zuba a baitulmalin En'e. Ta wajen lissafi an ci gaba, don kowane kwabo yana da rasit. Amma manomi ya zama tilas ya sayad da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, don ya sallami mai karɓar haraji. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, mutane da yawa suka ba ta filin da a da gero ne. Sai damina ta ƙi cikin 1913. Cikin 1914 aka yi yunwar da a wurare da dama a ke kira Kakalaba, mutane suka watse suka nufi kudu, waɗansu suka mutu a kan hanya. Gudummawar Gwamnati ta zo, amma kaɗan ce, ta kuma zo a makare. Kuɗi na cikin akwati, rumbu kuwa wayam.

Hausawa su kan ba kowace yunwa suna, sunan kuwa shi ne tarihinta. Ta 1927 an kira ta 'Yar Buhu, don hatsin da aka ci a buhu ya zo daga nesa. Ta 1942 ita ce 'Yar Gusau, don can aka riƙa zuwa neman abinci. Dubi fa, duka sunayen nan biyu abu ɗaya su ke faɗa, cewa abinci ya bar gari, sai an jira shi ko an bi shi.

A ƙasar Nijar Faransawa sun gwada wata hanya. Bayan yunwar 1931, wadda fara ta jawo, suka matsa wa kowane ƙauye ya ajiye hatsi a rumbunan hukuma. Nufin mai kyau ne, amma da ya ke da tilas aka yi, ba kuma a buɗewa sai da iznin mai mulki, talakawa suka ɗauke shi wani haraji ne. Bayan farin 1973 da na 1984, sai aka sake dabara a Nijar, aka kafa rumbunan tsimi na ƙauye, waɗanda mutanen gari su ke riƙe da su. A sayi hatsi da kaka, a sayar wa mabukata da rangwame ko a ba su rance da damina, su biya in sun girbe. Inda aka riƙe amana sun yi amfani, inda aka ƙi biyan rance kuwa sun mutu. A Amurka ma, cikin 1967 wani mutum mai suna John van Hengel ya kafa ma'ajiyar abinci a birnin Phoenix, yana karɓo abin da kantuna za su zubar alhali bai lalace ba, yana ba masu ciyad da matalauta. In ka duba da kyau, kala ce aka yi wa ɗaki da littafi.

Abin da ya faru a Kaduna cikin 2020 bai kamata a manta da shi ba. Annobar korona ta sa an kulle gari, mai neman na yau da gobe ya rasa mafita. An tara kayan tallafi a manyan sito-sito. Cikin Oktoba mutane suka fasa irin waɗannan wurare a garuruwa da dama na Nijeriya, har da Barnawa a kudancin Kaduna, aka kuwa sa dokar hana fita wadda ta haɗa da Maraban Rido. Fasa sito laifi ne, ba mai musu, mai ƙarfi ne kuma ya kwashe, gwauruwa da tsoho ba su sami ko gwangwani ba. Amma abin lura shi ne, jama'a ba su san abin da ke ciki ba, ba su san ranar rabo ba, ba su san mai mabuɗi ba.

Daga wannan tarihi abu uku sun fito fili. Na farko, ajiyar abinci ta kasance kusa, cikin unguwa, inda mai unguwa da liman da fasto suka san gidan da aka kwana ba a ci ba. Na biyu, mai mabuɗi ya zama sananne, kuma kada ya zama shi kaɗai. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a, gama littafi shi ne alherin da zamanin baitulmali ya bar mana. Na uku, a buɗe kan kari, don hatsin da ya zo bayan jana'iza ba gudummawa ba ne.

Mutanen Rido ba su rasa abin farawa ba. Musulmi suna da zakka da sadaka, Kirista suna da baikon godiya da su ke kai wa coci da kaka. Ga masu lambu a bakin kogin Kaduna, ga 'yan kasuwa waɗanda tumatur da alayyafo su ke kwana a hannunsu su ruɓe. Ɗaki guda, da ma'auni, da littafi, da amintattu uku ko huɗu sun isa. Magabata sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, rumbu kuwa in ba jinka ruwa ne zai ci shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu zuciyar tunawa da maƙwabci, amin.