Yadda kaset ɗin Kano ya shigo mana Sabo

Yaran yanzu sun ɗauka fim ɗin Hausa tare da wayar hannu aka haife shi. To ba haka ba ne. Mu nan Ibadan muna da abin faɗi a harkar kallo, domin a garin nan aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, a 1959. Sai dai akwatin bai cika yin yarenmu ba. Da muna samari Yarbanci da Turanci muke ji, sai fim ɗin Indiya a silima, wanda ba ma jin ko kalma amma mun haddace waƙoƙinsa. Samanja da Karambana kuwa, sai wanda ya je Arewa ya dawo ya ba mu labari.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, shekara biyu kafin Living in Bondage na Inyamurai da ake cewa shi ya buɗe kasuwar Kudu. Wannan sai a riƙe shi, don ana yawan juya tarihin. Gimbiya Fatima ya biyo baya a 1992, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1994, wanda tun yana littafi matanmu ke aron sa gida gida.

Ta ina suka iso mu? Ta hanyar da komai ke iso mu: mota ta kai goro Arewa, direba ya dawo da kaset biyu ko uku daga Ƙofar Wambai a cikin jakarsa. Gidan da ke da bidiyo ya zama dandali. In an kawo wuta bayan Isha'i za ka ga mutum talatin a falo ɗaya, yara a ƙasa, matan aure ta bayan labule. In wuta ta ɗauke kaset ya maƙale a ciki, sai a kwana da takaici.

Abin da na fi tunawa ba labaran ba ne, Hausar ce. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan Hausarsu ta gauraya da Yarbanci, wasu ko gaisuwar surukai ba su iya ba. A kaset suka ga yadda ake durƙuso, suka ji karin magana a bakin tsara. Na san yarinyar da kakarta ta yi shekaru tana gyara mata harshe a banza, Sangaya ya gyara shi a wata guda.

Sangaya ɗin nan, na 1999, da Ali Nuhu da Fati Mohammed, shi ne kuma ya raba kan unguwa. Rawa da waƙa irin ta Indiya ta yi ƙarfi, malamai suka fara magana, ni ma na yi a masallaci, kuma har yau ban janye ba. A ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da sana'ar, a 2001 ta kafa hukumar tace finafinai. Mu nan ba hukuma, kowane maigida shi ne hukumar gidansa.

Akwai kuma laifinmu mu 'yan kasuwa. Kaset ɗaya ake saye, a haɗa bidiyo biyu a kwafi ashirin a bayar haya, mai fim ko sisi bai gani ba. Ni ma na ajiye irinsu a shago kusan shekara biyu kafin wani dattijo ya tambaye ni, malam, haƙƙin wa kake ci? Ban samu amsa ba, na kwashe su.

Da faifan CD ya zo, aka zubar da kaset kamar shara, damina ta cinye sauran. Kwanan baya na bi gida shida ina neman Gimbiya Fatima in nuna wa yarana. A gida na shida aka fiddo min guda ɗaya daga ƙarƙashin gado, ya yi funfuna, kuma duk layinmu ba mai injin da zai kunna shi.