National Review da Haɗa Kan 'Yan Mazan Jiya a Amurka

An saba ɗauka cewa mujallar National Review ta tarar da tafiyar masu ra'ayin 'yan mazan jiya ne a Amurka, ta zame mata kakaki. A nawa ganin, mujallar ce ta ƙera tafiyar.

Ranar 19 ga Nuwamba, 1955, da fitowarta ta farko ta shiga kasuwa a New York, Eisenhower na jam'iyyar Republican ne ke kan mulki, amma bai rushe tsare-tsaren tallafin jama'a da Roosevelt ya bari ba. Masu jin haushin hakan kuwa kansu a rabe yake. Ga masu kishin addini da al'adar gado irin su Russell Kirk, ga masu son gwamnati ta tsame hannunta daga kasuwa, kuma ba sa ga maciji da juna. Ƙin kwaminisanci kaɗai ya iya zaunar da su a tabarma ɗaya. Abin lura shi ne, waɗanda suka shimfiɗa tabarmar tsofaffin 'yan gurguzu ne da suka juya baya: Willi Schlamm, da James Burnham wanda ya taɓa bin Trotsky, da Frank Meyer, wanda daga baya ya tsara hujjar cewa 'yancin mutum da tarbiyyar gado ba kishiyoyi ba ne.

William F. Buckley Jr., wanda ya kafa mujallar, bai cika shekara 30 ba a lokacin. Mahaifinsa, attajirin man fetur, ya zuba dala 100,000, wasu suka ƙara. Sai dai Buckley ya riƙe duk hannun jarin da ke da ikon yanke hukunci, domin an ga yadda rigimar masu mallaka ta ɗaiɗaita mujallar The Freeman. Wannan batu ne da ake yawan tsallakewa, alhali shi ya ba mutum ɗaya ikon cewa wane namu ne, wane ba namu ba. Da wannan ikon ne Buckley ya yi fatali da Robert Welch na ƙungiyar John Birch a 1962.

Ikon bai hana tuntuɓe ba. A 1957 mujallar ta wallafa sharhin da ya goyi bayan rinjayen farar fata a jihohin Kudu, ko da a inda baƙar fata suka fi yawa, matsayin da Buckley kansa ya amsa cewa kuskure ne bayan shekaru masu yawa.